Akwati Mai Nauyi da Marar Nauyi

Simeon ya sayo lasifika biyu a Onica, ya kawo wa cocinmu na Mayo Gwoi, Tobiya ya karɓa ya kulle su a ɗakin ajiya. A 1994 aka yi wannan, ƙarshen damina. Simeon mai sayar da kayan gyaran mota ne, ba ya zama wuri ɗaya. Ya sauke kwalayen da safe, ya gaida Fasto Job, ya sha ruwa, ya sake hawa mota zuwa kudu. Bai yi bayanin komai ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Mabuɗin ɗakin ajiya yana wuyan Tobiya tun cocin yana da rufin ciyawa. A igiyar fata yake, cikin riga. Da shi yake zuwa gonar doyarsa, da shi yake kwana. A ɗakin akwai ganguna, da tulunan kiɗa na Zumuntar Mata, da janareto, da tsohuwar amfilifaya mai aika murya zuwa ƙahonni biyu da ke kan rufi. Ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ba ya son a yabe shi a kan haka, ba ya kuma son a tambaye shi.

Yana da tsarinsa. Duk wayar da ta shigo ɗakin, sai ya naɗe ta ya sa a wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ya rufe, ya ɗora dutse. Ɓeraye ne suka koya masa haka, shekarar da suka cinye wayar makirufo ana gobe Kirsimeti. Da ya buɗe kwalayen Simeon ya ga wata doguwar waya ja da baƙi a ƙasan ɗaya, ya naɗe ta, ta bi 'yan'uwanta cikin tukunya.

Sannan ya ɗaga akwatunan zai jera su jikin bango. Girmansu ɗaya, baƙin fentinsu ɗaya. Na farko ya sa shi nishi. Na biyu ya taso kamar kwandon da ba kowa a ciki. Tobiya ya ajiye, ya sake ɗagawa, ya zagaya ya duba bayansu. Mai nauyin yana da wayar wuta da maɓallai da ramuka. Marar nauyin katako ne shafe, sai wasu 'yan ƙarafa biyu, ja da baƙi.

Ya daɗe a tsaye. Ko dai 'yan Onica sun cuci Simeon, ko kuma Simeon ya san abin da ya kawo. Uban Simeon abokin Tobiya ne, tare suka sare dajin da aka gina cocin. Tobiya ya ja ƙofa ya kulle, ya bar maganar a cikinsa sai mai kaya ya dawo.

Mai kaya bai dawo da wuri ba. Taron Zumuntar Mata na gunduma ya matso, mata za su zo daga Yelwa da Kachalla Sembe da ƙauyuka. Wata Asabar da yamma Noah, telan da ke jagorantar mawaƙa, ya zo da Mama Lois, shugabar matan, za su gwada sababbin kaya.

"Baba, a buɗe mana mu ji muryar Onica," in ji Lois.

Tobiya ya buɗe. Noah ya rungumi akwatin farko ya kai gaban coci yana haki. Lois ta gyara ɗaurin zane, ta sunkuya ta ɗaga na biyu da dukan ƙarfinta. Saura kaɗan ta faɗi ta baya.

"Yesu! Wannan ai ko jikata Murna za ta ɗauka."

Noah ya dawo ya karɓa daga hannunta. Ya jijjiga shi. Ya juya bayansa, ya shafa katakon. An ɗauke wuta, don haka ya tada janareto, ya sa wa mai nauyin wuta, ya cusa wayar makirufo a raminta.

"Salama, salama. Ana ji na?"

Murya ta cika cocin har ƙadangaru suka watse daga taga. Daga akwati ɗaya ta fito. Ɗayan yana zaune shiru.

"Baba, ina wayar wutar wannan?" in ji Noah.

"Haka ya zo."

"Haka ya zo? Baba, na san irin wannan kaya. Bara a taron farkawa na Jos ni na ɗauke su da kafaɗata. Kowane akwati da injinsa a ciki, ba ya neman amfilifaya. Kowanne da wayarsa ta wuta, kowanne da nauyinsa. Ba a yin ɗaya da ciki, ɗaya wofi."

"Ni ban je Jos ba."

"Wa ya shiga ɗakin nan tun da aka kawo su?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Ɓera."

Lois ta fara dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye abarta.

Noah bai yi ƙarya ba a kan Jos, ya je, ya kuma ɗauki kaya. Amma Tobiya ya daɗe yana lura da shi. Tela ba ya son jiran tsoho ya dawo daga gona kafin a ba shi ganguna. Ya sha faɗa a gaban mawaƙa cewa ya kamata mabuɗi ya zama biyu. Tobiya ya mai da akwatunan ciki, ya kulle, ya girgiza kwaɗon sau da yawa fiye da yadda ya saba.

Kafin sujadar Lahadi maganar ta zagaya unguwa. Ta kuma sami ƙari. Beatrice mai ƙosai a bakin kasuwa ta tuna cewa ta ga Tobiya, bayan zuwan kayan, ya shiga shagon Maishanu da wani abu a buhu, ya fito hannu wofi. Maishanu Bakano ne, mai gyaran rediyo da kaset. Kowa ya san shi da Tobiya suna zama benci ɗaya suna zagin juna suna cin gyaɗa.

Bayan sujada dattawa suka zauna gindin mangwaro. Fasto Job mutum ne mai sanyin murya, ya daɗe yana zagaye kafin ya iso.

"Baba Tobiya, ba wanda ya ce ka yi wani abu."

"To me ya tara mu?"

"Tambaya ce kawai, don bakin mutane ya mutu. An ce an gan ka da buhu a shagon Maishanu."

"An gan ni."

"Me ke cikin buhun?"

Tobiya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ya ɗauka a kafaɗa ya ƙetare da su rafi suna yara. Yau duk suna kallon ƙasa, kunnuwansu kuwa a buɗe.

"Abin da ke ciki nawa ne."

Rediyonsa ne, ya daina kama tasha. Da ya faɗi haka, da wasu sun yarda. Amma a ganinsa, ranar da ya fara buɗe buhunsa don a duba, ranar ya amsa sunan da suke son ba shi.

"Kun ji ko?" in ji Noah. "Ni ban ce sata ba. Na ce inji ba ya tafiya da ƙafarsa."

"Noah, yi a hankali," in ji Fasto. Sannan ya juya. "Baba, ga shawara. Mabuɗi ya zauna a wurina har Simeon ya dawo. Don kwanciyar hankalin kowa, har da naka."

"Nawa a kwance yake."

Tobiya ya sa hannu cikin riga, ya zare igiyar ta kansa. Inda ta zauna shekara da shekaru ta bar masa zane a wuya. Fasto ya miƙo hannu. Tobiya bai sa masa a hannu ba. Ya ajiye a kan benci, ya ɗauki hularsa, ya tafi.

Ran Talata da safe Maishanu ya faɗo gidan Tobiya a kan keke, jakar kayan aiki a baya.

"Sarkin doya! Ashe ni da kai mun zama ɓarayi ban sani ba? To ina rabona?"

"Bakano, koma shagonka."

"Wane shago? Jiya mutane suka zo suna karɓe rediyonsu ba a gama gyara ba. Wata tsohuwa har da ƙirga maɓallan nata a gabana. Ba don kai na zo ba, don sunana na zo. Tashi mu je in ga wannan inji da aka ce na haɗiye."

"Ba ni da mabuɗi."

"Kana da ƙafa."

Suka je. Fasto ya aika aka kira Noah da Lois da dattawa biyu. Aka fito da akwatunan tsakar coci. Tobiya bai shiga ba, ya tsaya bakin ƙofa, hannuwansa a baya.

"Wanda ake magana a kansa shi zai duba kayan?" in ji Noah. "Wannan wane irin bincike ne?"

Maishanu ya zaro sukudireba ya miƙa masa ta ƙota. "Gaskiyarka, malam tela. Kai ka kwance. Ni ko taɓawa ba zan yi ba, kada a ce na sa wani abu ta hannun riga."

Noah ya durƙusa bayan marar nauyin. Noti na farko ya ƙi juyawa. Ya danna da ƙarfi, fentin da ya rufe kansa ya tsage ya zubo. Lois ta sunkuya ta kalli ɓarɓashin, ta kalli sauran da fentinsu yake lafiya, ta gane ba a taɓa kwance su ba. Da murfin baya ya fita kowa ya leƙa. Bakunan fitar da murya biyu ne a ciki, babba da ƙarami, da wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, da auduga manne a jikin katako.

"Kun gani!" Noah ya miƙe. "Wofi! Ina injin?"

"Inda ka bar shi, a Jos," in ji Maishanu. "Zauna ka ji. Lasifika ba iri ɗaya ba ce. Ga ƙahonninku can a kan rufi. Suna cin wuta?"

"A'a," in ji wani dattijo. "Amfilifaya ke ci."

"To. Su bakuna ne kawai, sai an turo musu murya da ƙarfinta daga waje. Wannan iri ɗaya ke nan. Wanda tela ya ɗauka a Jos wani iri ne, na manyan makaɗa. Kowane akwati da wayarsa ta wuta. A ciki ma babban baki mai fitar da kaurin murya da injinsa, ƙaramin baki mai fitar da siririya da nasa, tun kafin murya ta shiga inji an raba ta. Shi ya sa suka kusa karya maka kafaɗa. Naku kuwa na tsakiya ne. Inji ɗaya ne, yana cikin wancan mai nauyin. Shi ke ci da kansa, shi ke ci da wannan. Wannan ɗin kamar ƙahonku yake, fenti kawai ya fi shi."

"Haka ka ce."

"Haka na ce. Mama, sa hannu ciki. In an cire inji, akwai inda aka ɗaure shi. Nemo mini ramin noti ɗaya, ko guntun waya da aka yanke, ko inda wayar wuta ta shiga."

Lois ta naɗe hannun riga ta zura har gwiwar hannu. Ta bi kusurwa kusurwa da yatsa, kamar mai duba tukunya ko ta tsage. Ta ɗaga audugar ta leƙa ƙarƙashi.

"Ba komai. Katako sumul."

"Saura abu ɗaya," in ji Maishanu. "Irin wannan ba ya zuwa sai da wayar da ke haɗa su. Doguwa, ja da baƙi. Ina take?"

Duk suka juya bakin ƙofa.

"Ashe akwai waya?" in ji Noah. "Ran Asabar na tambaye ka, Baba."

"Wayar wuta ka tambaya."

"To ina wannan ɗin? Ita ma tana buhu?"

"Tana cikin tukunya."

"Wace tukunya?"

"Wadda wayar makirufonka ke kwana a ciki tun kana ɗinkin maɓalli a shagon wani. Mabuɗi ba ya hannuna."

Fasto ya je da kansa. Aka ji ya ɗauke dutse, ya dawo da wayar a naɗe tsaf. Maishanu ya nuna da baki, Noah ya ɗaura ja a ja, baƙi a baƙi, ya kai ɗaya bakin bayan mai nauyin. Aka tada janareto. Lois ta karɓi makirufo, ta yi gyaran murya, ta ja baitin farko na waƙar buɗe taronsu. Muryar ta fito dama da hagu. Dattijo ɗaya ya je ya kara kunne jikin marar nauyin, ya ja baya da sauri yana sosa kunne.

"Useko, mun gode, Maishanu," in ji Fasto. Ya sa hannu aljihu inda mabuɗin yake.

"Fasto, dakata," in ji Noah. "Na yarda ba a buɗe wannan akwati ba. Amma wa ya ce shi Simeon ya kawo? In irin na Jos ya sayo, aka ɗauke su, aka kawo waɗannan fa? Mai gyaran da ya san iri uku, ya san inda ake samun kowanne."

"La ilaha illallahu!" Maishanu ya tafa hannu. "Jiya na saci hanji, yau na saci saniyar gaba ɗaya. Gobe sai a ce ni na ɗauke rufin cocin."

Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi akwatuna. Hannunsa ya fito daga aljihu babu komai.

"Tunda mun riga mun ce sai Simeon ya dawo, bari mu tsaya a kan haka. Baba, kwana kaɗan ne."

Bakin ƙofa ba kowa. Tobiya ya riga ya kama hanyar gona.

Aka yi taron mata. Fasto ya ba Noah mabuɗi don hidimar taro. Tobiya bai je ba. Yana tsakanin kunyoyin doyarsa a ƙetaren rafi, kiɗan tulu da muryar Lois suna iso masa sarai, har yana gane kalmomin. Bai ɗaga kai ba. Sau da yawa hannunsa yakan tafi wuya da kansa, ya sami fata kawai.

Bayan taro da mako guda Simeon ya sauka a tasha. Tun kafin ya kai gida aka tare shi da labari. Washegari da hantsi Tobiya yana zaune ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya, sai ga Fasto Job, da Lois, da Simeon, Noah a bayansu.

Simeon ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, wallahi laifina ne da ban yi bayani ba. Su ne na kawo, ba wasu ba. Mai shagon ya ce mini uwa da ɗa ne, a ba uwar wuta ita za ta shayar da ɗan. Ina sauri na manta in faɗa."

"Ka iso lafiya?"

"Lafiya, Baba."

"Madalla."

Fasto ya fito da igiyar fatar. "Magana ta ƙare, Baba Tobiya. Ran Lahadi zan faɗa a gaban ikilisiya cewa ba a same ka da komai ba. Noah, ba ka da abin cewa?"

Noah ya matso kaɗan. "Baba, a yi haƙuri. Ni abin da na gani a Jos na faɗa. Kowa a matsayina zai tambaya."

Tobiya ya ci gaba da fere ƙota. "Ranar da aka kawo kayan nan na ɗaga su. Na ji ɗaya ba nauyi, kafin kowa. Na ce a raina, ko an cuci Simeon, ko Simeon ya cuce mu."

Simeon ya ɗago kai da sauri.

"Kun ji wannan a bakina? A gindin mangwaro, da kuka sa ni a tsakiya, na kira sunansa?"

"Baba, don Allah ka karɓa," in ji Lois. "Ɗakin nan ba ya yiwuwa sai da kai. Ko jiya da muka shiga, wayar nan ja da baƙi an bar ta a ƙasa, ɓera ya..."

"Mama Lois," in ji Fasto.

Ta rufe baki. Tobiya ya ɗago ido a karon farko, ya dubi Lois, ya dubi Noah, ya dubi Fasto.

"Ashe ɓera ne ya aiko ku."

"A'a, Baba, ba haka ba ne. Tun jiya da Simeon ya sauka muka yanke shawara," in ji Fasto.

"Katako ya yi magana, ba ku yarda ba. Waya ta yi magana, ba ku yarda ba. Sai da Simeon ya zo. Ni da na ce haka ya zo tun ranar farko, maganata ba ta shiga lissafi ba. Gobe in an kawo wani kaya daga Legas, iri na huɗu wanda Bakano ma bai sani ba, wa za a jira?"

Fasto ya sunkuya, ya miƙa mabuɗin da hannu biyu, igiyar tana lilo kusa da gwiwar tsohon.

"Baba, don zumunci. Ka mai da shi wuyanka."

Tobiya ya buga ƙotar a ƙasa ya ga ta zauna, ya miƙe, ya saɓa fartanya.

"Ba zan karɓa ba."